Wane siminti za a saya wa rijiyar foraji mai zurfi a Tawa?

Mai haƙa foraji zai ce maka, "Alhaji, kowane siminti ma ya yi." Kada ka yi saurin yarda. Simintin da ake ɗurawa tsakanin bututu da bangon rami shi ke hana gurɓataccen ruwan sama gangarawa ya haɗu da na sha, kuma in ya shiga ƙasa ba mai sake ganinsa.

Duba rubutun jikin buhu. CEM II 32.5, na buga bulo da shafe, yana da gauraye, galibi garin dutsen farar ƙasa. Shi ne mai araha, amma ni ba zan sa shi a rami mai zurfi ba. CEM I 42.5 kusan zalla ne, ya fi saurin yin ƙarfi, kuma ya wadatar da yawancin rijiyoyinmu. Illarsa zafin da yake fitarwa lokacin kamawa, wanda kan lanƙwasa bututun roba in an zuba shi da kauri. Ko na Malbaza ne ko na waje, matsa buhun da hannu: in ka ji dunƙule, ya sha raɓa, bar musu kayansu.

Sai Class G, na rijiyoyin mai, irin aikin Agadem. An yi shi don a tura da famfo ƙarƙashin zafi da matsi, amma daga waje ake kawo shi. In injiniya bai ce raminka na buƙatarsa ba, asarar kuɗi ce.

Kuma tsadar siminti ba ta hana ɓarna. A Afrilun 2010 rijiyar mai ta Macondo ta fashe a tekun Meziko, ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 1,500, mutum 11 suka rasu. Siminti na musamman aka ɗura, mai kumfar iskar naitirojin, amma bai toshe ba. Ƙarafan da ke tsayar da bututu a tsakiyar rami shida aka sa maimakon 21, ba a kuma yi awon kamun simintin ba. A rijiyoyin cikin teku, sanyin ƙasan teku kan hana simintin saman rami kamawa da wuri; mu nan zafin Afrilu ke sa ya daskare tun yana cikin tiyo, shi ya sa ɗurin asuba ya fi.

Kafin ka biya, tambayi mai aikin lita nawa yake zuba wa buhu mai kilo 50. In ya zarce 25 sosai, kunu zai dama maka. Sannan ya nuna maka tiyon da zai tura simintin daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya ce da bokiti zai kwarara daga baki, nemi wani.