Injin kumfar bulo mara nauyi: sai da na kwance bututunsa

Injin yana yin kumfar da ake zubawa a kwaɓin siminti don bulo ya yi rashin nauyi. Shi da kansa ba laifi, gaskiya. Ana haɗa maganin kumfa da ruwa, kashi 1 cikin 30, a ba shi iska daga kwamfuresa (injin matsa iska) a kan matsin bar 5, sai kumfa ta fito fara sol kamar ta aski. Gwajinta mai sauƙi ne: cika gwangwanin lita ɗaya ka ɗora a sikeli. Mai kyau tana tsakanin giram 70 zuwa 80, kuma ko ka kifa gwangwanin ba ta zubowa. Makonni uku na farko haka yake ba ni, har na fara yabonsa.

Kwaɓin kubik mita ɗaya: siminti buhu 7, yashi mai laushi da aka tankaɗe kilo 550, ruwa lita 170, kumfa kusan lita 500. Idan ya bushe yana kusan kilo 1,000, alhali kankare na yau da kullum yana kai 2,400.

A mako na huɗu ne bulo ya fara zama a cikin mazubi. A zuba shi cike da yamma, da safe a tarar ya sauka da kusan yatsa biyu, sama tana marmashewa, ƙasa ta yi tauri saboda yashi ya kwanta. Na zargi maganin, na zargi ruwan rijiya, har na hana shafa baƙin mai a mazubi, wanda dama yana kashe kumfa. Da na auna kumfar sai ga giram 130, ruwa tsamo-tsamo. Na kwance bututun da kumfa ke fitowa ta ciki. Abin da aka cusa a ciki don ya tsinka iska ta zama ƙananan ƙwayoyi, soson ƙarfe ne na wanke tukunya, irin mai tsatsa! Ya ci tsatsa ya dunƙule gefe guda, iska na wucewa ta ɗaya gefen ba tare da ta gauraya ba. Zubi biyu suka tafi a banza, siminti buhu 14, a wannan tsadar. A kuɗin da ake sayar da injin nan, wannan rowa ce tsagwaronta.

Na sa soso mara tsatsa, na danna shi sosai, kumfa ta dawo giram 75. Yanzu kullum bayan aiki sai an tura ruwa zalla ta bututun na minti biyu, abin da takardar injin ba ta ko ambata ba.

Da na ce a saya, amma tankin iskar da suka haɗo da shi ma ƙarami ne. Kafin a gama lita 500 matsin ya faɗi, kumfar ƙarshe ta fi ta farko ruwa, dole a riƙa tsayawa yana cika, ga kwaɓi na jira a rana. Wanda ke da babban kwamfuresa ya sayi injin shi kaɗai, ya buɗe bututun tun a shago.