Keken kira na haɗaka don kai tsofaffi asibiti: zuwa lafiya lau, dawowar ce aiki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗaukar Keke Napep shata ya fi ƙarfin gidaje da yawa a Katsina. Dabarar da wasu ke yi ita ce gida biyu ko uku a unguwa ɗaya su riƙe direba guda, a kira shi tun da dare a tsayar da lokaci, a raba kuɗin. Na jarraba tsarin, kuma a wajen zuwa ban ga abin kushewa ba.

Keke na kutsawa lungunan cikin gari, irin na Gambarawa da Saulawa, ya tsaya a bakin zaure. Kujerar baya ta mutum uku ce, amma tsofaffi biyu ne iyaka, na ukun ɗan rakiya. Kada a kuskura a sa dattijo a gaba gefen direba, rabin jikinsa a waje yake. Mai ciwon gwiwa kuma hawan ke ba shi wahala, don haka a tafi da 'yar kujerar tsugunno ya taka. Keken guragu ko mai naɗewa ne sai ya cinye wurin mutum ɗaya. Mai ciwon suga da za a gwada jininsa kafin ya karya, shi za a ɗauka ƙarshe, don kada ya yi ta zagaye da yunwa a cikinsa.

Matsalar tana wajen dawowa. Hajiya ta ga likita da hantsi, Baba yana layin karɓar magani har azahar. Direba kuwa akwai balas a wuyansa da zai kai wa mai keke da yamma. In ya tsaya jira ya yi asara, in ya tafi sai a kira shi yana Ƙofar Ƙaura da fasinja, "ga ni nan" ta zama awa guda. Ban ga laifinsa ba, ba a biya shi kuɗin jira ba. Abin da ke rage wannan shi ne a ba shi rabin kuɗi da safe, rabi in ya maido su, a kuma yanka lokacin kwasa biyu, ƙarfe 11 da ƙarfe 2.

Wannan giɓin ne ya kamata kuɗin gwamnati ya cike. A Ingila tun 2008 tsofaffi ke hawa bas kyauta a faɗin ƙasar, amma bas ba ta zuwa ƙofar gida, wanda ƙafa ta gaza bai amfana ba. A nan, maimakon a sayo kekuna a raba, gara ƙaramar hukuma ta buga tikiti: asibiti ya buga masa hatimi ranar ganin likita, direba ya tara ya karɓi kuɗinsa duk mako. In biyan ya wuce mako, direbobi za su daina karɓar tikitin, domin mai gidan mai ba ya ba da bashi.