SIWES (koyon aiki a aikace da ɗaliban manyan makarantu ke zuwa yi): ma'aikatar gwamnati ko shagon gyara?

Wallahi in kana son hutu ka kai takardarka ma'aikatar gwamnati, da ɗan hanya za a karɓe ka, amma wata 6 ɗin nan kusan a kan benci za ka cinye su, daga aiken fotokwafi sai siyo wa oga abinci, logbuk (littafin da kake rubuta aikin da ka yi kullum) kuwa ƙarya za ka yi ta cikawa. Ni shagon gyaran kwamfuta na je a Farm Center, kasuwar waya ta Kano, tun safe har magariba ina tsaye, maigida ya ɗan yi faɗa, amma sati 3 na fara kwance laftof da hannuna, har na ɗan samu na mota. Alawus ɗin ITF (hukumar gwamnati mai kula da SIWES) kuwa duk inda ka je sai ka yi haƙurin jira.