Digirin ɗaukar hoto ko zama a hannun maigida?

Ƙanena a Marwa, arewacin Kamaru, ya ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ya ce ɗaukar hoto zai yi sana'a. Hanya biyu ce gabansa.

Jami'a tana cin shekara 3 kafin lisans, wato digirin farko, kuma manyan makarantun fasaha irin na Fumban da Nkongsamba suna can kudu. Ga kuɗin mota, ga haya, ga abinci. Amma a can zai san dalilin abu: yadda haske ke aiki, tsara hoto, gyara a kwamfuta. Takardar kuma tana amfani in aikin gwamnati ko koyarwa yake nema.

Shagon maigida kuwa, tun makon farko zai riƙe fitila a gidan biki. Zai koyi ciniki, da lallashin amaryar da ta ce an baƙanta ta, da kare kyamara daga ƙurar hunturu. Aibin shi ne, iyakar sanin maigida nan ne iyakarsa, sai in ya ƙara da intanet. Malick Sidibé, sanannen mai ɗaukar hoto na Mali, shi ma a shagon wani ya koya, ya kuma ci babbar kyautar bikin baje kolin fasaha na Venise, a Italiya, a 2007.

Uwar amarya dai hotunanka take tambaya. Na ce masa ya fara da shago, kuɗin hayar ya sayi kyamara.