Daga Landan: allon da ya san inda kowace motar asibiti take

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Kuna yawan tambayata kayan masarufi a Ingila. Akwai su birjik, sai dai tsada, kuma tumatirinsu bai kama ƙafar na Kadawa ba. Abin da nake yi wa Kano kwaɗayinsa a nan shi ne aikin motocin ɗaukar marasa lafiya.

Lambar gaggawa 999 ce, tun 1937 ake kiranta a Landan. Kowace mota tana ɗauke da na'urar da ke sanar da inda take ta tauraron ɗan Adam. A ɗakin karɓar kira akwai allo mai taswira: ga wadda ta ɗauko mara lafiya, ga wadda ta sauke ta juyo, ga wadda ke jiran aiki. Kira na shigowa kwamfuta za ta nuna mafi kusa. Wayar mai kiran ma da kanta take aika inda yake tsaye.

Sun raba kiran gaggawa kashi huɗu. Wanda zuciyarsa ta tsaya, burinsu a kai gare shi cikin minti 7 a matsakaici. Shanyewar ɓarin jiki kuwa minti 18. Ranar da wani dattijo maƙwabcina ya yanke jiki ya faɗi, matar da ta ɗauki kiran ba ta ajiye waya ba. Tana ƙirga mini ina danna ƙirjinsa, can ta ce, "Sun shigo layinku, a buɗe ƙofa." Tana kallonsu a allo ne. Dattijon yana nan da ransa, alhamdu lillahi.

Su ma sukan gaza. A Disambar 2022 masu minti 18 a Ingila sai da suka riƙa jiran sama da awa ɗaya da rabi a matsakaici, don motoci sun yi cirko-cirko a ƙofar asibitoci babu gado.

Mu fa? Mace na naƙuda cikin dare, sai a bazama neman Adaidaita Sahu. Muna da 112, amma kwatancenmu "bayan masallaci, ka sha kwana wajen mai shayi" ne, ga lungunan cikin gari da mota ba ta shiga. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san abin da jinkiri ke ci.

Alhali yaranmu kullum suna tura wa juna inda suke ta WhatsApp. A sa waya mai taswira a kowace motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana. A haɗa su da jami'an kiyaye haɗurra da KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, a ɗaki guda mai wutar sola, asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano su riƙa shigar da gadajen da suka rage, kada a yi ta yawo da mai jinya. Lungu kuma a tanadar masa keke mai gado, shi ma a gan shi a allon.