Rush Hour na farko, fim ɗin da har yanzu bai tsufa ba a wajena

Jiya da daddare na sake kallon Rush Hour, na farkon wanda ya fito a 1998, ni da ƙanena da bai taɓa ganinsa ba, kuma wallahi yadda yaron nan ya dinga dariya yana cewa yaya dan Allah mayar min baya shi ya sa na ce bari in ɗan rubuta wani abu a kai.

Labarin ba wani mai zurfi ba ne gaskiya. An sace wata yarinya, Soo Yung, 'yar ƙaramin jakadan China a Los Angeles, masu garkuwan suna neman dala miliyan 50. Babanta ya sa aka kira masa ɗan sandan da ya yarda da shi daga Hong Kong, Sufeto Lee, wato Jackie Chan. Su kuma 'yan FBI ba sa son baƙo ya sa musu baki a aiki, sai suka nemo wani ɗan sandan garin mai ɗan karen surutu, Carter, wato Chris Tucker, suka ce ya yi ta yawo da shi a gari kar ya matso kusa da binciken. Shi ke nan fa labarin.

To me ya sa yake da daɗi haka? Ni dai a ganina mutanen biyun ne. Ɗaya da baki yake faɗa ɗaya da jiki, kuma babu wanda zai iya gama aikin shi kaɗai. Carter bakinsa ba ya hutawa, ga cika baki ga murya siririya, Lee kuma tun a filin jirgi ya yi gum kamar ba ya jin Turanci ya bar shi yana ta ɗaga murya yana nuni da hannu, sai can daga baya ya buɗe baki ya yi magana tiryan-tiryan, fuskar Carter a wajen nan kaɗai ta biya ni. Abin da na fi so shi ne ba a sa sun zama abokai farat ɗaya ba, da raini suka fara, kowa na ganin ɗan uwansa kaya ne aka ɗora masa, a hankali suka zo ana cin abinci tare ana hirar iyaye, don dukkansu 'ya'yan 'yan sanda ne, har Lee yana koyon rawa Carter yana koyon yadda ake ƙwace bindiga a hannun mutum.

Faɗan kuma irin na Jackie ne da muka saba gani tun zamanin finafinan Chanis, duk abin da ke kusa makami ne, kujera, sandar sunuka, har sitiyarin mota da aka ɗaure shi a jiki da ankwa. Akwai wajen da ake baje kolin kayan tarihin China, yana dukan mutane yana tare wani tulu kar ya faɗi ya fashe, ya tare nan ya koma can, bayan duk wahalar nan harsashi ya zo ya tarwatsa tulun. Na san zai fashe amma duk kallo sai na ji ba daɗi.

Inda ban gamsu ba, faɗan ya yi gajarta. Wanda ya san finafinan Jackie na Hong Kong zai ga an rage masa lokaci an yi ta yanka hoto. Sannan wasu barkwancin kan launin fata da ƙabila sun yi nauyi, akwai kuma ashar nan da can, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Bos ɗin ma tun kafin a bayyana shi mai lura zai gane.

An kashe wajen dala miliyan 33 aka samo sama da miliyan 240, shi ya sa aka yi na biyu a 2001 da na uku a 2007. Na biyun ma yana da daɗi, na ukun da aka yi a Faris bai kama ƙafarsu ba. In za ka sa a tura maka a waya ka fara da na farkon, awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ne, kuma kar ka kashe in an fara rubutun ƙarshe, akwai kurakuran da suka yi wajen ɗauka, ƙanena sau uku ya maimaita wajen.