Ƙaramin kilim (wato AC, na'urar sanyaya ɗaki) da na saya ta intanet, bayan wata shida ina amfani da shi a Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Maris nake son in yi maganar abin nan amma nace bari in bar shi ya ga rani ya ga damina tukunna, kar in yanke masa hukunci da fushin rana ɗaya. Yanzu wata shida kenan yana ɗakina, to zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, don na san akwai da yawa a cikinku da tallan nan ke bi a waya kamar yadda ya bi ni.

Abin da nake magana a kai shi ne ɗan akwatin nan da ake tallansa da sunan kilim na hannu, wanda ake zuba masa ruwa a sama a jona shi da igiyar caji irin ta waya. Girmansa bai wuce ƙaramar rediyo ba. Tankinsa yana cin kamar rabin lita, yana da gudu hawa uku, da wata fitila mai canja launi, a ciki kuma akwai wani abu mai kama da takarda da aka ninninka wanda ke shan ruwa, fanka ƙarama tana hura iska ta cikinsa. Shi kenan abin da ke ciki, na buɗe na gani da idona. Na saye shi sefa 15,000, na ƙara 2,500 kuɗin mota daga Duwala. Ba zan ambaci sunan mai shagon ba, kuma ma irinsu suna da yawa, kaya ɗaya ne sunaye ne kawai ke canjawa.

Wanda ya san Garwa a Maris da Afrilu ba sai na masa bayani ba. Zafi ya wuce digiri 40 da rana, da dare bango yana amayo abin da ya sha, katifa kamar an ɗora ta a kan murhu. Ga azumin 2025 ya faɗo cikin Maris ɗin daidai, ga ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ana ta ɗauke wuta unguwa unguwa, ga ni da jaririya ƴar wata huɗu duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, ga Inna, mahaifiyar maigidana, tsohuwa ce kuma ta ƙi ajiye azumi. A cikin wannan halin na fara ganin tallan a Facebook. Wani ɗaki mai kyau, wata mata ta zuba ruwa da ƙanƙara, farin hayaƙi yana fita, ma'aunin zafi a gefe yana sauka yana sauka, jariri yana barci an lulluɓe shi da bargo. Wallahi bargon nan ne ya tsaya min a rai.

Ranar farko na wuce, har nace a zuciyata wa zai yarda da wannan. Ni fa ƴar kasuwa ce, atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa, ina sarowa daga Mubi da Yola in ɗora a sitatus ɗin WhatsApp, tun ina yarinya ma na yi tallan ƙosai da fanke a unguwa, na san yadda ake gyara murya da yadda ake ɗora masu kyau a saman faranti. A ganina ba ni ce wadda talla zai ruɗa ba. Amma da yake na tsaya na kalli bidiyon har ƙarshe, washegari ya sake zuwa, jibi ya zo daga wani shago daban, gata kuma ya zo da tsohon farashi 30,000 an ja masa jan layi an rubuta 15,000 da agogo yana ƙirga awannin da suka rage. Ashe haka abin yake aiki, mai talla yana biyan kuɗi ya zaɓi gari da shekaru da irin mutanen da yake so su gani, kuma in ka tsaya a kan abu ko ka taɓa shi an gane kana da sha'awa sai a ƙara turo maka irinsa. Kusan sati biyu ba ranar da ban gan shi ba. Tun ina ganinsa kamar ƙarya har ya zama kamar wani abu da na saba da shi, kamar dama kowa na da shi ni kaɗai na rage.

Daren da na saya ina tune da shi sarai. Wajen ƙarfe biyu, ba wuta tun magariba, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, ina mata fifita da mafici hannu ɗaya, ɗaya hannun da waya. Tallan ya fito, na taɓa maɓallin sai ga ni a WhatsApp ɗin mai shagon, kuma a wannan tsakar daren aka amsa min cikin minti ɗaya da Faransanci mai laushi, madam kaza madam kaza, saura guda uku, in na tura kuɗi kafin safe zai shiga motar gobe. Na tura ta waya. Ban tashi maigidana Baban Ummi ba, ban tambayi Yaya ba alhali shi aikinsa kenan gyaran firiji da kilim, cinikin biri a sama na yi kuma na san hakan nake yi, kawai dai a lokacin ba abin da nake so a duniya irin in ga yarinyar nan ta yi barci.

Kwana biyar ya iso, ba biyu ba kamar yadda aka ce, amma ya iso lafiya a kwalinsa, wannan kam ba zan zalunce su ba.

Yanzu abin da ya yi na kirki. A lokacin zafi mai bushewa, Maris da Afrilu, in ka ajiye shi kusa da fuskarka kamar tsawon kamu biyu, iskar da ke fitowa ta fi ta ɗakin sanyi, ana ji ba wai ba. In an saka ƙanƙara ya fi daɗi na kamar rabin awa kafin ta narke. Ba shi da ƙara sosai. Babban abin da na yaba kuma shi ne baya cin wuta, ɗan batirin cajin wayata yana riƙe shi awanni in an ɗauke, wannan ya taimaka mana ƙwarai a kwanakin ƙarshen azumi, Inna takan zauna gabansa bayan azahar da carbinta tana cewa Allah ya yi miki albarka ƴar nan. Addu'ar nan kaɗai ta rage min zafin kuɗin.

Amma ɗaki? Ko kusa. Na rufe ƙofa da taga kamar yadda na gani a bidiyon, bayan awa ɗaya ɗakin sai ya ƙara nauyi, zufa ta ƙi bushewa a jiki, sai da na buɗe. Ka matsa taku biyu daga gabansa baka jin komai. Maganar a lulluɓe jariri da bargo kuwa, Allah ya kyauta.

Da Yaya ya zo gaisuwar sallah na nuna masa, ya juya shi ya buɗe ya yi shiru, sannan yace ƙanwata wannan ai randa ce aka saka wa fanka. Yace yadda randa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta iska ta busar da shi ruwan ciki ya yi sanyi, haka wannan ma yake, ruwa ne ke zama tururi ya tafi da ɗan zafi. Ya ɗauki biro ya min lissafi a bayan kwalin. Rabin litar nan in ta ƙare cikin awa huɗu, zafin da ta kwashe bai kai wat 100 ba, kuma jikin babban mutum ɗaya yana zaune ba ya komai yana fitar da zafi kusan wat 100 ɗin. Kilim na gaske ƙarami da ake sakawa a ɗaki, mai lamba 9000 ɗin nan, yana kwashe wajen wat 2,600 kuma yana fitar da zafin waje ta injin da ke bayan gini, shi ya sa yake da kwamfaresa da gas yake kuma cin wuta da kuɗi. Yace duk abin da aka ce miki kilim ne amma ba shi da hanyar fitar da zafi waje, kuma cajar waya ke tayar da shi, to ba kilim ba ne ko me aka rubuta a jikinsa. Nace Yaya me ya sa baka faɗa min ba, yace ke kin tambaye ni? Gaskiyarsa ne.

Damina kuwa ita ta ƙarasa tona shi. Tunda ruwa ya sauka sosai, Yuli da Agusta, iska ta cika da laima ga Binuwai ya kawo, sai abin ya koma ƙaramar fanka mara ƙarfi kawai, don iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta ɗaukar wani. Takardar cikin ma ta fara baƙi baƙi tana warin funfuna, dole kullum in cire in shanya a rana, in ba haka ba ba zan yarda in hura wa jaririya wannan iskar ba. In an ɗan karkata shi ruwa na zuba. Na rubuta wa mai shagon ina tambayar inda zan samu sabuwar takardar, mutumin da ya amsa min ƙarfe biyun dare cikin minti ɗaya yau wata biyu saƙona yana nan an karanta ba amsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba kuɗin ba ne, tambayar ce ko mutum yana iya kare kansa daga talla. Ƙanina da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya ce min tun 1983 wani masani a Amurka mai suna Davison ya yi rubutu a kan cewa mutane kan ɗauka talla da farfaganda wasu suke kamawa ba su ba, kowa na ganin maƙwabcinsa ne mai saurin ruɗuwa. Da na ji sai na tuna ranar farkon nan da nace wa zai yarda. Ni a nawa ganin sanin dabarar mai talla baya isa, don na san ta, ni kaina na taɓa rubuta saura turmi biyu alhali biyar ne a ɗaki, kuma tun abin nan na daina don na ɗanɗana yadda yake a ɗaya gefen. Tallan bai ci ni da rana ba lokacin da na ci na sha hankalina na kwance. Ya yi ta zuwa ne yana jira har ya same ni a daren da na gaji, na tsorata da halin ƴata, ba wanda zan yi shawara da shi. Yarinya mai tallan ƙosai in ta zo ƙofar gida kace a'a ta wuce, kuma kana ganin ƙosan kana iya taɓawa, gobe ma in ya yi tsami ka san gidansu. Wannan kuwa yana cikin hannunka har kan gado, baya gajiya, kuma baka san fuskar mai shi ba.

Ba kuma zan ce talla duk sharri ba ne, ni da shi nake ci, in ban nuna kayana ba wa zai san ina da su. Bambancin dai a nuna abin da kaya ke yi ne ko a nuna abin da ba zai taɓa yi ba. Da sun ce min ƙaramar fanka ce mai ruwa ta mutum ɗaya, mai aiki da batirin waya a lokacin rani, wataƙila da na saya duk da haka kuma da ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Kalmar kilim da bargon jaririn su ne cutar.

Abin da na ga yana min aiki yanzu abu ne mai sauƙi. Bana tura kuɗi da dare, duk abin da ya burge ni ina ɗaukar hotonsa in bari sai bayan kwana uku, sau da yawa kafin nan sha'awar ta tafi, agogon rangwamen kuwa na lura in ya ƙare sake farawa yake. Akwai ɗigo uku a saman kowane talla inda zaka ɓoye shi, na yi ta yi har suka ragu. In kayan wuta ne sai Yaya ya gani. Sannan in akwai irinsa a babbar kasuwa gara in hau moto in je a jona min a gabana, gani ya kori ji. Haka na yi da fanka mai caji da muka saya daga baya, babba mai tsayawa a ƙasa, an gwada min ita a shago na ji ƙarfin iskarta kafin na biya, kuma ita da jiƙaƙƙen zani a rataye a taga sun fi ɗan akwatin nan sanyaya ɗaki nesa ba kusa ba.

To wa zai saya? In kai ɗaya ne, mai shago ko tela da ke zaune wuri ɗaya da rana a lokacin rani, kuma ka same shi ƙasa da abin da na biya, zai ɗan rage maka. In don ɗaki ne ko iyali ko jariri, dan Allah riƙe kuɗinki ki ƙara ki sayi fanka mai caji. A cikin biyar zan ba shi biyu, ɗaya don rashin cin wuta ɗaya don Inna. Yanzu haka yana gefen gadonta a wanke a bushe muna jiran rani ya dawo, tace kar a yar mata da shi. Wanda ya san inda ake sayar da takardar cikin nan a Garwa ko Marwa dan Allah ya sanar da ni, ta yanzun ba zata kai Maris ba.